Haɗarin Maimaita Adireshi a Cinikin Kuɗin Intanet: Faɗakarwa ga Al'ummar Rikoto

Gabatarwa

Kuɗin intanet, wanda matasa ke kira kirifto, ya shigo hannun 'yan kasuwa da ɗalibai a ƙasar Zuru. A watan Fabrairun 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu wannan ciniki, ya kuma janye hanin a watan Disambar 2023. Don haka muka ga ya dace mu faɗakar da jama'ar Rikoto da ma'aikatan ƙaramar hukuma game da wani kuskure da ke jawo asara, wato yin amfani da adireshi ɗaya a kai a kai.

Mene ne adireshi da sa hannu?

Adireshi jerin haruffa ne da lambobi da mutum ke bayarwa domin a tura masa kuɗi. Kowane adireshi yana da makullin sirri da ke ɓoye a cikin wayar mai shi. Idan zai fitar da kuɗi, manhajar takan yi amfani da makullin ta sa hannu, kamar yadda hakimi ke buga hatimi a kan takarda. Wannan sa hannun yana shiga kundin ciniki da kowa a duniya ke iya karantawa, kuma ba ya goguwa. Wanda duk ya gano makullin, kuɗin sun zama nasa.

Ina haɗarin yake?

Na farko, a tsarin Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, kowane sa hannu yana buƙatar sabuwar lamba da manhaja ke samarwa. Idan lambar ta maimaitu a sa hannu biyu na makulli ɗaya, mai ilimin lissafi zai iya fito da makullin sirrin. Haka ta faru a watan Agustan 2013, lokacin da aka gano wata tangarɗa a wayoyin Android wadda ta sa wasu manhajoji maimaita lambar, ɓarayi kuwa suka kwashe kuɗin mutane. Da kowane makulli sau ɗaya ya sa hannu, da ba a sami na biyun da za a gwama ba.

Na biyu, akwai kuɗaɗen da aka gina sa hannunsu don amfani sau ɗaya tak. Misali shi ne IOTA kafin 2021: duk fitar da kuɗi yakan bayyana wani sashe na makullin, saboda haka maimaitawa na sauƙaƙa ƙirƙirar sa hannun jabu. A 2021 ne aka sauya wannan tsari.

Na uku, tonon asiri. Wanda ya san adireshinka zai ga duk abin da ya shiga da wanda ya fita. A yankin da ya sha fama da masu garkuwa da mutane, bayyana dukiya ba ƙaramin ganganci ba ne.

Shawarwari

1. A karɓi kowane biya da sabon adireshi. Yawancin manhajojin zamani suna samar da shi kyauta.
2. Kada a manna adireshi a bangon shago ko a zauren WhatsApp.
3. Kalmomin sirri 12 ko 24 da manhaja ke bayarwa, a rubuta su a takarda a adana. Kada a nuna wa kowa.
4. A riƙa sabunta manhaja, a kuma sauke ta daga sahihin wuri.

Kammalawa

Muna tunatar da jama'a cewa idan kuɗin intanet suka fita, babu banki ko ofishin da ke da ikon juya cinikin. Muna roƙon masu unguwanni da kansiloli su isar da wannan saƙo ga matasa. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.