Mongoliya: yadda ake ratsa ƙasar makiyaya da hamadar Gobi

Mongoliya tana tsakanin Rasha ta arewa da Sin ta kudu, kuma kamar Nijar, ba ta da gaɓar teku. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 564, wato ta fi Nijar girma, amma jama'arta kimanin miliyan 3 da rabi ne kawai. Kusan rabinsu suna zaune a Ulanbator, babban birnin ƙasar. Saboda haka da zarar mota ta bar gari, sai a yi sa'o'i ana tafiya cikin filin ciyawa, babu itace, babu shinge, sai garken dabbobi can nesa.

Hanyoyin gudron ba su da yawa. Akwai wadda ta nufi yamma zuwa Karkorin, kimanin kilomita 360, inda zuriyar Cingis Khan ta yi fadar mulkinta a ƙarni na 13. Akwai wadda ta gangara kudu zuwa Dalanzadgad, ƙofar shiga Gobi. Jirgin ƙasa kuma yana ratsa ƙasar daga iyakar Rasha zuwa ta Sin. Bayan waɗannan, galibi sawun taya ake bi, sawun da kan rabu gida biyar ba tare da wata alama ba. Shi ya sa baƙi ke ɗaukar direba ɗan ƙasa, yawanci da tsohuwar motar Rasha ƙirar UAZ, tare da ruwa da fetur na kwanaki. Lokacin tafiya shi ne daga watan Yuni zuwa Satumba. A hunturu sanyi na iya kai digiri 40 ƙasa da sifili.

Wanda ya san Tenere zai yi mamakin Gobi, domin mafi yawanta tsakuwa ce da duwatsu. Rairayi kaɗan ne. Tuddan rairayin da suka fi suna su ne na Kongor, masu tsawon fiye da kilomita 100. A Bayanzag ne masu bincike daga Amurka suka tono ƙwayayen dinozor a 1923, irin dabbobin nan na zamanin dā da ƙasusuwansu ke gidan tarihi na Yamai. Raƙumin can mai tozo biyu ne, da gashi mai kauri.

Masaukin matafiyi shi ne "ger", zagayayyen tanti na itace da aka lulluɓe da bargon gashin tumaki, murhu a tsakiya, ƙofa na kallon kudu. Iyali na iya kwance shi su ɗora cikin 'yan sa'o'i, kuma sukan yi ƙaura aƙalla sau huɗu a shekara, bisa ga yanayi. Baƙo ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Daga nesa yake kira a riƙe kare, wannan ita ce sallamarsu. Ba a taka dokin ƙofa, ba a karɓar abu da hagu, kuma ƙin taɓa abin da aka miƙo maka rashin ladabi ne. Abin da ake fara bayarwa shayi ne da madara da gishiri, sai busasshen cuku mai tauri ƙwarai.

Musulmi sai ya lura da abu biyu. "Airag", nonon goɗiya da aka bari ya yi tsami, yana da ɗan barasa a ciki. Sannan a al'adarsu ba a yanka tunkiya ta wuya, ciki ake tsagawa. Yawancin masu addini a ƙasar mabiya Buda ne. Musulmi su ne Kazak na lardin Bayan-Olgi a can yamma, waɗanda suka yi suna wajen farauta da gaggafa.

Dabbobi iri biyar ne dukiyar makiyayi: doki, raƙumi, saniya, tunkiya da akuya. Babban abin tsoronsa shi ne "dzud": fari ya hana dabbobi ƙiba da damina, sannan ƙanƙara ta rufe ciyawa a hunturu. Na 2009 zuwa 2010 ya kashe dabbobi miliyoyi, na 2023 zuwa 2024 kuma ya halaka kimanin miliyan 8. Wani ɓangare na matsalar daga garken ne kansa: awaki sun ƙaru sosai saboda kuɗin gashinsu mai laushi da ake sayar wa ƙasashen waje, makiyaya kuwa sai ƙara lalacewa suke yi. Wanda ya rasa garkensa yakan kwashe tantinsa ya kafa a gefen Ulanbator, unguwannin da hayaƙin kwal ke turnuƙewa duk hunturu. Mongoliya ce ta kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya shawarar a ware 2026 a matsayin shekarar makiyaya da filayen kiwo, kuma aka amince.

Mai son ganin taron jama'a sai ya daidaita tafiyarsa da bikin Nadam, daga 11 zuwa 13 ga Yuli, inda ake sukuwar dawaki da yara ƙanana ke hawa, da harbin baka, da kokowa wadda ba a raba 'yan wasa bisa nauyi.