Sunayen Duwatsu da Rafuka a Ƙasar Sikotlan

'Yan makaranta, ku ɗauko taswira ku dubi arewacin Ingila, za ku ga ƙasar Sikotlan. Can arewa maso yamma da ita akwai ƙasar tuddai, wadda mutanenta su ke da harshensu dabam da Turanci, sunansa Galik. Yau muna so mu ba ku labarin sunayen da su ka sa wa wurarensu.

Mutanen nan makiyaya ne da manoma, ba su bar ko rafi ɗaya ba suna ba. Babban dutse su kan ce masa beinn, Turawan Ingila su ka mai da shi ben. Daga nan a ka sami Ben Nevis, wanda ya fi duk duwatsun Biritaniya tsawo, ƙafa 4,413. Rafi kuwa allt, fa ko gagarumin dutse creag, tudu cnoc, bakin kogi inbhir. Birnin Inverness ma asalinsa Inbhir Nis ne, watau bakin kogin Nis.

Ba su sa suna a banza. Beinn Dearg, Jan Dutse ke nan. Allt na Crìche, Rafin Iyaka, ya nuna inda ƙasar wani ta tsaya. Allt a' Mhuilinn, da ke gangarowa daga Ben Nevis, Rafin Gidan Niƙa. Creag an Tuirc, Dutsen Aladen Daji, nan zuriyar Makalaren ta kan taru in yaƙi ya taso. Inda duk ku ka ga àirigh, to, ruga ce da a kan kai shanu kiwo lokacin zafi. Ashe wanda ya ji harshen, in yana tafiya, kamar littafi ya ke karantawa.

To, sai duniya ta juya musu baya. A 1746 a ka ci mayaƙan tuddai a Kuloden, ikon shugabannin zuriya ya karye. Bayan haka masu ƙasa su ka ga tumaki sun fi talakawa riba, su ka shiga korar mutane. A kwarin Strathnaver a ka ƙone gidaje a 1814 da 1819. Waɗansu su ka koma bakin teku, waɗansu su ka haye Kanada. A 1872 a ka yi dokar makarantu, ba ta ko ambaci Galik ba. Masu jin harshen sun fi 250,000 a 1891, amma a 2011 ba su kai 60,000 ba.

Mutane su ka watse, sunaye su ka tsaya. Ma'aikatan safiyo sun bi tsofaffi suna tambaya, su ka rubuta da yawa a taswira, Shaihun Malami W. J. Watson kuma ya fito da babban littafi a kansu a 1926. Amma na ƙananan duwatsu da maɓuɓɓuga, waɗanda ba a rubuta ba, da dama sun bi masu su kabari. Baƙo kuma ya kan kira Rafin Iyaka, bai san iyaka ya ke ƙetarewa ba.

Saboda haka muna yi muku gargaɗi, in kun je hutu, ku zauna gaban kakanninku, ku tambaye su sunan kowane dutse da fadama na garinku, da dalilinsa. Ku rubuta tun suna da rai, gama ƙarfe tun da zafi a kan bugi abinsa.