Oppenheimer: Tarihin Bom ta Idon Mutum Ɗaya

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba fim ɗin Oppenheimer, wanda Christopher Nolan ya shirya a 2023, ta auna shi da abin da tarihi ya tabbatar. An ɗauko labarin daga littafin American Prometheus na Kai Bird da Martin Sherwin, wanda aka buga a 2005. Tambayar da za mu bi ita ce: idan aka rataya babban al'amari a wuyan mutum ɗaya, wa ake gani, wa kuma ake mantawa?

Abin da Fim Ɗin Ya Nuna

An haifi J. Robert Oppenheimer, masanin kimiyyar fiziks, a birnin New York a 1904. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Janar Leslie Groves, shugaban Shirin Manhattan, ya zaɓe shi ya jagoranci masanan da aka tara a Los Alamos, cikin jihar New Mexico, daga 1943. Su ne suka ƙera bom ɗin nukiliya na farko, aka gwada shi ranar 16 ga Yuli, 1945. Ranar 6 ga Agusta aka jefa ɗaya a Hiroshima, ranar 9 kuma wani a Nagasaki.

Bayan yaƙi sai reshe ya juye da mujiya. A 1949 Oppenheimer ya nuna rashin yardarsa da a gaggauta ƙera bom ɗin haidirojin. Wannan, tare da tsohuwar hulɗarsa da 'yan gurguzu, ya ba Lewis Strauss, shugaban hukumar makamashin nukiliya, kafar da zai kayar da shi. A 1954 aka binciki amanarsa, aka hana shi ganin asirin gwamnati. Ya rasu a 1967, kuma sai a Disamba 2022 gwamnatin Amurka ta soke hukuncin. A nan fim ɗin ya bi tarihi sau da ƙafa, har da yadda majalisar dattawa ta ƙi amincewa da Strauss a matsayin ministan ciniki a 1959.

Abin da Ya Tsallake

To, amma mai nazari zai lura cewa kusan duk abin da aka nuna ta idon Oppenheimer ko na Strauss aka nuna shi. Don haka aka bar rukuni uku a baya.

Na farko, Japanawa. An ƙiyasta cewa kafin ƙarshen 1945 mutum kimanin 140,000 sun mutu a Hiroshima, kimanin 70,000 kuma a Nagasaki. Fim ɗin bai nuna biranen ba; damuwar da ke fuskar masanin kawai ake gani.

Na biyu, talakawan New Mexico waɗanda ƙurar gwajin ta sauka a kan gonakinsu da ruwansu ba tare da gargaɗi ba. Dokar diyya ta 1990 ma ba ta saka su ba.

Na uku, 'yan Afirka. Mafi yawan yuraniyom ɗin shirin daga mahaƙar Shinkolobwe ya fito, a lardin Katanga na Kwango, ƙarƙashin mulkin mallakar Beljiyam. Tun 1940 Edgar Sengier, shugaban kamfanin Union Minière, ya tura kimanin tan 1,200 zuwa New York. Leburorin da suka haƙo shi ba su da suna a fim ɗin.

Kammalawa

Wannan ba ya rage wa fim ɗin daraja a matsayin tarihin rayuwar mutum. Sai dai tarihin mutum dabam, tarihin bom dabam. Malamin da zai nuna wa ɗalibansa shi ya kamata ya kai su har Shinkolobwe da Hiroshima, domin su san inda bom ɗin ya soma da inda ya ƙare.