Barricade, kafi da ganuwa

1/ Wani ɗalibi a nan Nasarawar Burkullu ya tambaye ni ma'anar barricade. Asalinta barrique ne, wato ganga da Faransanci. Ranar 12 ga Mayu 1588 mutanen Faris suka cika ganguna da ƙasa da duwatsu, suka datse tituna don hana sojojin sarkinsu wucewa. Sunan gangar ya bi shingen har cikin Turanci.

2/ To mu fa? Danga ta gida ce. Shinge na gona ne, maganin awaki. Kafi kuwa na yaƙi ne, itatuwa ake kafawa a kewaye ƙauye. Shi ne a sunan Kafin Hausa, shi ne Bature ya lanƙwasa ya koma Keffi.

3/ Ganuwa sai birni, da gwalalo da sarƙaƙiya a bayanta. Ita ma fa ba laya ba ce. Ta Birnin Zamfara ba ta hana Babari na Gobir cin garin wajen 1762 ba. Ta Kano, igwa Turawa suka sa wa ƙofarta a 1903.

4/ Daga nan aka bar ganuwa tana zubewa, ana ɗibar ƙasarta ana gini. Yau ga wasu ƙauyukan Zamfara sun koma haƙa rami kewaye da gari saboda 'yan bindiga. Ku tambayi matasan da ke haƙawar, mutum nawa ne a cikinsu suka taɓa jin kalmar gwalalo?