Tasirin Kiwo Kan Ɗanyar Ciyawa

Ciyawar makiyaya, irin su gamba da kyasuwa da ƙarangiya, tana da wata baiwa: idon tsironta yana can gindi, dab da ƙasa. Shi ya sa ko dabba ta cinye ganyen sai ya sake tohowa. Yankan da bai yi yawa ba ma yakan sa gindin ya ƙara 'ya'ya.

Amma wannan juriya ta ciyawar da ta kafu ce. Wadda ta tsiro a farkon damina ba ta tara abinci a gindinta ba, da ganyenta kaɗai take ciyar da saiwarta. A 1955, Franklin Crider na ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna cewa in aka yanke fiye da rabin ganye, saiwa takan tsaya da girma na wani lokaci. Ciyawa mai gajeriyar saiwa kuwa, da ruwan sama ya ɗauke na 'yan kwanaki ita ce ta farkon bushewa.

Yadda dabbar ke ci ma yana da tasiri. Saniya tana naɗe ciyawa da harshe ta fizga, in ƙasa ta jiƙe sai ta tumɓuke tsiron har saiwa. Tumaki kuma suna gwaguye shi har ƙasa.

A Sahel, inda yawancin ciyawa shekara ɗaya take yi, wadda aka cinye kafin ta zubar da iri ba ta barin tsiron baɗi.