Shin Hula Na Cin Ƙoƙon Kai?

Mai karatu, ka duba titunan Tudun Wada ta Kaduna da safe: dattijo da rawani, saurayi da hula, yarinya da farantin talla bisa gammo. Shin abin da muke ɗorawa a ka yana rage kaurin ƙashin kai? Kada ka yi dariya, tambayar ta haura shekara 2,400 tana wahalar da masana.

Wanda ya fara tayar da ita shi ne Hirodotus, marubucin tarihi na Girka. Ya ziyarci filin Felusiyum a Masar, inda Farisawa suka ci Misirawa da yaƙi a shekara ta 525 kafin Miladiyya, ya tarar da ƙasusuwan mamatan a tare, kowane ɓangare daban. A cewarsa, ƙoƙon kan Bafarishe ko tsakuwa ka jefa sai ta huda shi, na Bamisire kuwa da dutse ma da ƙyar yake fashewa. Dalilin da aka ba shi? Wai Misirawa na aske kai tun suna yara, rana ta gasa ƙashin ya yi tauri, Farisawa kuwa kullum kansu cikin hula.

A 1907 sai zancen ya juya. Grafton Elliot Smith, malami a makarantar likitoci ta Alƙahira, ya lura cewa a cikin ƙasusuwan manyan Misirawa na dā akwai waɗanda ƙoƙon kansu ya lotsa gefe biyu, dama da hagu, daidai wa daida. Shi kuma ya ɗora laifin a kan gashin aro mai nauyi da masu mulki ke sawa. Ka ji fa, su Misirawan da aka yaba da taurin kai!

To mece ce gaskiya? Ƙashin kai hawa uku ne: ɓawo a waje, ɓawo a ciki, da wani sashe mai kama da soso a tsakiya. Idan na tsakiyar ya zaizaye, sai ɓawon waje ya nutse ya bar kwari. Yau likitoci na ganin haka a hoton asibiti a nahiyoyi daban-daban, galibi a tsofaffi, musamman mata, har da waɗanda ba su taɓa sanin gashin aro ba. Ashe abin ya fi kusa da tsufa bisa ga hula.

Mu kuma fa, me ƙasusuwan magabatanmu ke cewa? A nan jihar Kaduna, mutanen Nok sun bar mana kawunan yumɓu tun kafin Miladiyya, amma masu binciken Jami'ar Frankfurt da suka fara haƙa a 2005 sun tarar tsamin ƙasar yankin ya cinye ƙasusuwa. Sai an nufi Gobero, cikin hamadar Tenere a Nijar, inda ayarin Paul Sereno ya ci karo da tsohuwar maƙabarta a 2000, mai kabari wajen 200. Mutanen farko, kimanin 7700 zuwa 6200 kafin Miladiyya, masunta ne a bakin tafki, ƙarfafa, wasu sun kusa mita 2. Bayan fari na kusan shekara 1,000, waɗanda suka zauna wurin sun fi su ƙanƙantar jiki da siririn ƙashi. Wannan ba lotsawar Masar ba ce, amma tarkon ɗaya ne, domin masana sun yi ta muhawara: wata al'umma ce daban, ko kuwa abinci da yanayi ne suka sāke jikin jikoki?

Darasin shi ne, ƙashi ba ya ƙarya, masu yi masa tafinta ne ke gaggawa. Da awon ƙoƙon kai Turawan ƙarni na 19 suka jera bil'adama hawa-hawa, suka ajiye baƙar fata a ƙasa, kimiyya kuma ta rushe wannan daga baya. Don haka, Malam, gyara zaman hularka, ba ita ce mai laifi ba.