Yadda Muka Zaɓi Hanyar Matsar Man Gyaɗa

'Yan'uwa mata, sana'ar nan ta girme mu duka. Tun kafin jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa daga Kano zuwa Legas a 1912, kakanninmu na soya ta a cikin gida, su daka, su murza da ruwan zafi har mai ya taso. Fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, dalar gyaɗa ta ɓace, amma turmi bai bar tsakar gida ba.

Da kuɗin adashinmu suka taru, sai gardama ta tashi a kan abin da za mu saya. Wasu suka ce a sayo babban injin tatsa irin na kamfani, a zuba gyaɗa ta sama, mai ya fito ta ƙasa, kowa ta huta da ciwon kafaɗa. To, wa zai ƙi hutu? Sai dattijai mata suka ce a tsaya a yi lissafi tukuna.

Babban inji yana tatse mai ƙaf. Abin da ya bari busasshe ne, sai dai a sayar wa masu kiwon kaji. Mu kuwa duk mai wannan sana'a ta san kuɗin mai uwar kuɗi yake mayarwa, riba tana cikin ƙuli-ƙuli. Tunkuzar da babu sauran maiƙo a jikinta ba ta mulmuluwa, kuma masu tsire da masu kwaɗo ba za su waiwaye ta ba. Ga wuta da ba ta tsayawa. Ga mambobinmu da ke cikin kulle, waɗanda in aiki ya koma rumfar inji gaba ɗaya, an cire su ke nan.

Sai muka raba aikin. Niƙa da murza, inda wahalar take, muka bar wa ƙaramin inji. Suya, sheƙewa, mulmula ƙuli da toya shi suka zauna a gidaje, kowace da kaskonta. Wasu sun yi fushi a lokacin, har ana cewa tsoron ci gaba ne.

Da aka cire tallafin fetur a 2023, kuɗin niƙa ya tashi, mun ji a jikinmu. Amma ba mu da bashin babban inji a wuya, kuma ko ranar da injin ya lalace, mata suna komawa turmi su fitar da na kasuwar gobe.